Me ya sa juya kiristal a cikin maganaɗisu ke sauya juriyarsa?

Tambaya: Na karanta cewa kiristal mai kai lantarki ba tare da turjiya ba, wato sufakondakta, yakan rasa wannan siffa a cikin maganaɗisu mai ƙarfi, amma idan aka juya shi sai siffar ta dawo. Me ke jawo haka?

Amsa: Dalilin yana cikin ginin kiristal ɗin. A sinadarai irin su YBCO (gaurayen yitiriyam, bariyam, jan ƙarfe da oksijin), wanda aka gano a 1987 kuma yake zama sufakondakta a wajen digiri 92 na ma'aunin Kelbin, wato cikin tsananin sanyi, ƙwayoyin zarra na jan ƙarfe da oksijin suna jere ne hawa-hawa kamar shafukan littafi. Ilektoron, wato ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, suna tafiya biyu-biyu cikin sauƙi a kan kowane shafi, amma tsallakawa zuwa shafi na gaba yana yi musu wuya.

Maganaɗisu kuwa yana kutsawa cikin irin wannan kiristal ne ta siraran hanyoyi, kowace da lantarki yana kewaya ta, kamar yadda masanin kimiyya Abrikosov ya bayyana a 1957, kuma tsakiyar kowace hanya ba sufakondakta ba ce. Idan ƙarfin maganaɗisun ya ratsa shafukan a tsaye, kewayen yana kwance a kan shafi, tsakiyar tana da faɗi, don haka hanyoyin kan yi saurin cika wurin har siffar ta ɓace. Idan kuma ya bi tsawon shafukan, dole lantarkin ya tsallaka tsakaninsu, sai tsakiyar ta matse, a buƙaci maganaɗisu mai ƙarfi sosai kafin hanyoyin su haɗu. A YBCO bambancin ya kai kusan ninki 5 zuwa 7, a sufakondaktocin da ke ɗauke da sinadarin bismut ya fi haka nesa ba kusa ba, alhali gaurayen niyobiyam da titaniyam da ake amfani da shi a na'urar MRI ta ɗaukar hoton cikin jiki kusan bai damu da inda maganaɗisun ya fuskanta ba.

A ganina, injiniyoyi ne wannan ya fi shafa. Don ƙera maganaɗisu, ana naɗa irin wannan sinadari a matsayin siririn tef wanda shafukan ke kwance a kan fuskarsa, kuma a bakin naɗin layukan maganaɗisu kan karkata su soki fuskar tef ɗin, inda ya fi rauni, shi ya sa ake auna iyakar lantarkin naɗin daga nan. Duk da haka, a 2019 masu bincike a Tallahassee ta Amurka sun bayyana cewa sun kai tesla 45.5 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) da ƙaramin naɗi irin wannan da aka sanya cikin wani babban maganaɗisu.