Tambaya da Amsa: Ƙarin umarni a yaren gasar gajeren kod, maguɗi ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ni da abokaina mun shiga wasan code golf, wanda ya warware matsala da kod mafi gajarta shi ya ci. Ina amfani da yaren kwamfuta na Python, abokina kuma da Vyxal, yaren da aka ƙirƙira musamman don wannan wasa. Kullum yana kayar da ni, ga shi duk sabon samfurin da aka fitar sai an ƙara wa yarensa umarni. Wannan ba maguɗi ba ne?
Abdulhadi, Ƙofar Marusa, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba maguɗi ba ne, kun dai haɗa tseren doki da na raƙumi a fili ɗaya. Masu wannan wasa yare da yare suke gwadawa, mai Python da mai Python.

A ce a tara lambobi daga 1 zuwa n. A Python za ka rubuta lambda n:n*(n+1)//2, bayit 19 (da bayit ake auna tsawon kod, a nan kowane harafi bayit ɗaya ne). In ka san cewa -~n daidai yake da n+1, sai ka zubar da baka biyun, ka koma lambda n:n*-~n//2, bayit 17. A Jelly kuwa, wani yaren da aka ƙirƙira don wasan, RS ne kawai: R ya jero lambobin, S ya tara su. A 05AB1E, shi ma yaren wasan, LO. Ba za ka kamo bayit 2 ba, amma ragin nan daga 19 zuwa 17 da kanka ka yi shi, kuma ni shi ya fi burge ni.

Ƙara umarni kuma ba abu ne na araha ba. Yaren wasan GolfScript, wanda Darren Smith ya fitar a 2007, haruffan allon rubutu na yau da kullum ya dogara da su. Jelly, na Dennis Mitchell a 2015, ya zo da jadawalinsa na alamomi 256, domin iyakar abin da bayit ɗaya zai ɗauka ke nan. To gurbi 256 ne, ba ƙari. Aikin da ake yawan buƙata shi ake ba alama guda, sauran su yi haƙuri da biyu. Gwajin lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta ÆP ne a Jelly, ga kuma Ẓ mai yin aikin da bayit ɗaya. Abin da ya faranta mini rai a jadawalin nan shi ne ɓ, ɗ da ƙ namu suna ciki, kowanne da aikinsa. A UTF-8, tsarin adana haruffa na yau da kullum, bayit biyu-biyu suke ci, a can kuwa ɗaya-ɗaya.

Sauyin yana da wahalarsa ga abokin naka ma. A 2018 aka sake gina 05AB1E daga Python zuwa yaren Elixir, Vyxal 3 kuma da yaren Scala aka rubuta shi, alamomi da dama suka sauya aiki. Kod ɗin da ya yi aiki a tsohon samfuri yana iya ƙin tashi a sabo, don haka ku riƙa rubuta lambar samfuri kusa da kowace amsa.

Inda maguɗi yake shi ne mutum ya ga tambaya, sannan ya je ya ƙirƙiro umarnin da zai warware ta ita kaɗai. Masu wasan ba sa karɓar wannan. Ku sa doka a ƙungiyarku: samfurin da ke akwai ranar da aka ba da tambaya, da shi za a yi.

Ka zauna kan Python wannan zangon karatu. In kana son leƙa Jelly, shafin Try It Online yana gudanar da shi daga wayarka, ba sai ka sauke komai ba.