Ni ma a ƙarƙashin gado na ajiye nawa

Assalamu alaikum. 'Yar uwa, tun shekaranjiya na ga tambayarki, na buɗe na rufe ya fi sau uku, don ji na yi kamar da hannuna aka rubuta ta. Kin ce littattafan da ke ɗakinki waɗanda ba ki taɓa karantawa ba sun haura 60, kowace Janairu sai ki ɗauki alkawarin ba za ki sayi sabo ba sai kin gama na gida, amma kafin Maris alkawari ya bi ruwa, kina so mu gaya miki yadda muke kai wa ƙarshen shekara. To ni shekara uku na yi ina faɗuwa irin taki, kuma ba wata dabara ce ta fara gyara ni ba, baƙin ciki ne. Ki yi haƙuri, zan yi tsawo.

Babanmu, Allah Ya jiƙansa, malamin firamare ne, a unguwar Rikkos da ke Jos muka tashi. Mutum ne da in albashi ya shigo sai ya biya ta wajen masu sayar da littattafai a kasuwar Terminus kafin ya iso gida, tun kasuwar na da ranta, kafin gobarar 2002. Umma ta yi faɗa har ta gaji. Kowane littafi ya saya, a shafin farko zai rubuta sunansa da kwanan wata da kuɗin da ya biya, da jan biron da yake gyara jarrabawar yara, in kuma wata magana ta burge shi a ciki sai ya ja mata layi ya yi ɗan rubutu a gefe. 'Yan Jos da ke cikinmu ba sai na ba ku labarin ambaliyar farkon azumin 2012 ba. Ruwa ya shigo mana har ƙugu cikin dare, katifu da buhun masara da takardun makarantar ƙannena duk sun tafi, amma tsohon nan a cikin duhu ya ɗaga akwatin littattafansa ya ɗora a saman sif kafin ya fito. Ko ɗaya bai jiƙe ba.

Da ya rasu a 2016 aka zo rabon gado, babu wanda ya kalli littattafan, ni na ce a ba ni. Guda 140 da 'yan kai. Na zuba su a jakar bakko biyu, na kawo gidana a Unguwar Rogo, na tura ƙarƙashin gado, na ce sai na samu lokaci. Janairun 2017 na yi irin alkawarinki, na karanta guda biyu. 2018 guda ɗaya da rabi. Kuma duk wannan bai hana ni sayen sababbi ba, har da biyan kuɗin littattafan da ake turo mana a WhatsApp shafi-shafi.

A 2019 na haihu na tafi gida wankan jego. A lokacin akwai ɗan yayan maigidana da ke zaune a wajenmu yana neman gurbin karatu, ni nake dafa masa, ni nake ba shi kuɗin mota in kawunsa ba ya nan. Na yi arba'in na dawo, kwana biyu da dawowata na aiki yarinya ta sayo ƙosai a bakin layi. Na juye ƙosan a faranti, zan jefar da takardar, sai idona ya faɗa kan jan biro. Mai ya jiƙe takardar har ana ganin bayanta, amma rubutun Baba ko a mafarki na gan shi zan gane, yadda yake jan wutsiyar harafin "y" har ƙasa. Wallahi ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Da rarrafe na isa ƙarƙashin gado. Jaka ɗaya ce, ɗayar babu ita.

Yaron nan a kilo ya sayar da su, rabi wa mai ƙosai, rabi wa mai tsire a wani layin, don ya samu kuɗin data. Yaro nake cewa amma shekararsa 23, gemu a fuskarsa. Da kawunsa ya titsiye shi, ko sunkuyar da kai bai yi ba, cewa ya yi, "Ai Anti na ga ba karantawa take yi ba, ƙura kawai suke tarawa." Har yau in na tuna wannan maganar sai na ji ta a ƙirjina. Surukata kuwa da labari ya kai mata, cewa ta yi takardu ne fa ba zinari ba, kada mai jego ta ɗaga hankalinta nono ya ƙafe. Maigida ya ce a yi haƙuri, yaro ne. Kowa haƙuri yake ba ni, babu wanda ya ce wa mai laifi ya ba ni haƙurin. Na saka hijabi, da jaririya a baya, na je wajen mai ƙosai. Baiwar Allah ta fi su mutunci duka, ta shiga gida ta fito min da abin da ya rage, ta ƙi karɓar kuɗina. Guda 19 na samu, wasu ba bango, wasu an yage rabinsu. Na mai tsire kam sun riga sun ƙare. Cikin waɗanda suka tafi har da Magana Jari Ce littafi na biyu, kin san uku ne, na ɗaya da na uku suna jakar da ta tsira, sai ga su zaune kamar marayu. Abin da ya fi ci min rai shi ne maganar tasa gaskiya ce. Shekara uku suna ƙarƙashina ina barci a kansu, abin da ruwan Rikkos bai ci ba, sakacina ya ba wa mai ƙosai.

Don haka abu na farko da zan ce miki, ki fito da su yau, ba gobe ba. Duk littafin da ke cikin jaka ko akwati ya mutu, ba za ki tuna da shi ba. Ni kafinta na sa ya buga min katako uku a bango, nesa da ƙasa, don kin san danshin Jos a watan Agusta, bango ma gumi yake yi, ga gara ga kyankyaso. Ki jefa 'yan ƙwayoyin kafur a bayansu, inda hannun yara ba zai kai ba, lokacin hunturu kuma ki riƙa kaɗe ƙura.

Sannan ki daina cewa za ki gama 60. Wannan lambar ita ce take kashe miki gwiwa tun ba ki fara ba. Ni na daina ƙirga littattafai, shafi nake ƙirgawa. Shafi 10 a rana. Ki lissafa da kanki, a shekara shafi 3,650 ke nan, in littafi mai shafi 200 ne kin ci wajen 18. Ba na cika hakan kullum, ƙarya ne in ce ina cikawa. A 2021 na gama 11, a 2022 da na yi ta jinyar Umma 7 kawai, a 2023 na kai 16. Ranar da na tsallake ba na ramuwa, ba sallah ba ce, washegari goma ɗin nan dai zan yi. Da can ramuwar ce take karya ni, in na tsallake kwana huɗu sai in ga bashin shafi 40 a kaina, sai in bar abin gaba ɗaya.

Lokacina bayan sallar asuba ne, kafin in ɗora ruwan wankan yara. A sanyin Disamba da Janairu abin akwai wuya, bargo yana kira, ni dai a kan sallaya nake zama da shayi da fitila mai caji, don in na koma gado an gama. Wayar kuma tun dare take kwana a kicin. Ki yarda da ni, ba rashin lokaci ne ya hana mu karatu ba, ni da nake cewa ba ni da lokaci ni ce nake kai wa ƙarfe ɗaya na dare ina jiran marubuciya ta saki shafi na gaba a WhatsApp. Ban ce ki bar su ba, ni ma ban bari duka ba, amma sai na biya goman gida tukuna.

Af, kuma guda ɗaya tak za ki sauko da shi. Ki fara da siriri mai daɗi, wanda za ki gama cikin mako, kada ki ce da babban littafin tarihi za ki buɗe shekara don a ce kina karatu mai nauyi. Ni na yi wannan wautar a 2018. In kin kai shafi 50 littafi ya ƙi shiga, ki rufe shi ki ba makarantar unguwa ko wani ɗalibi, shi ma ya fita daga lissafi, ba aure kuka ɗaura ba. Na Baba ne kawai ba na bayarwa, ko ya gundure ni sai na kai ƙarshe, saboda jan biron nan. Wani lokaci ina cikin karatu sai in ci karo da inda ya rubuta "ba haka ba ne" a gefen shafi, in yi dariya ni kaɗai, in kuma yi kuka.

Littattafan addini kuwa ban sa su a wannan lissafin ba. Irin su Iziyya da Risala ba a yi musu karatun gudu, gaban malama nake kai su a Islamiyya. Da azumi ma ajiye komai nake yi, watan na Alƙur'ani ne, shi ya sa tun farko wata 11 nake ɗauka shekarata. Ke kuma da kika ce Maris ne yake kayar da ke, ki duba ko azumin ne yake faɗowa a tsakiya, don a 'yan shekarun nan a nan kusa yake zuwa, sai ki ga kamar kin gaza alhali hutu ne ya kamata ki ɗauka ki dawo bayan sallah.

Maganar kada ki sayi ko ɗaya har shekara ta ƙare, ni ban yarda da ita ba, na san wasu a nan za su ce na sassauta da yawa. Mai son littafi in kika hana shi gaba ɗaya, ranar da ya karya dokar sai ya ce tunda an karya a sha ruwa kawai. Ni in na gama uku na gida, na halatta wa kaina sabo ɗaya.

Kuma don Allah ki iya cewa a'a ga masu aro. Ni yanzu ko ƙanwata ce, ta zauna a falo ta karanta, in dafa mata abinci ma, amma ba ya fita ƙofa. An ce na yi rowa, na ji. Wancan yaron kuwa na gan shi a wani biki a Bukuru watannin baya, ya yi aure har da ɗa, ya zo ya durƙusa yana "Anti ina wuni" kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Na amsa, don ba a ƙin amsa gaisuwa, amma har yau bai buɗe baki ya ce in yafe masa ba, ni kuma ban ce na yafe ba. Allah Ya sa in iya wata rana, yanzu dai ban kai nan ba.

Ki turo mana hoton guda biyar da kike ganin sun fi sauƙi a cikin naki, mu taya ki zaɓen na farko. Ni saura 23 in gama na Baba. In kuma akwai wadda take da tsohon bugun Magana Jari Ce na biyu a gidansu ba a amfani da shi, ta yi min magana ta gefe, zan saya. Sabon bugu na gani a kasuwa, amma ba ya zama daidai a tsakanin waɗancan biyun.