Wane Gida Ne Ya Mallaki Fadar Himeji?

Malam, ka tambaya wace zuri'a ce ta gina fadar Himeji ta Japan kuma ta mulke ta. Farar fadar da ake gani yau Ikeda Terumasa ne ya gina ta, daga 1601 zuwa 1609, bayan surukinsa Tokugawa Ieyasu, wanda ya kafa mulkin gidan Tokugawa a Japan, ya ba shi yankin sakamakon yaƙin Sekigahara na 1600.

Sai dai kada ka neme ta a hannun gida ɗaya, nan na ga masu karatu suna rikicewa. Da sarauta ta faɗo kan jikan Terumasa, Mitsumasa, yana ƙaramin yaro, a 1617 aka mayar da gidan Ikeda yankin Tottori, domin ba a barin wannan mashigar yammacin Japan a hannun yaro. Gidan Honda ya karɓa, daga baya gidan Sakai ya riƙe ta daga 1749 har ƙarshen mulkin gidan Tokugawa.