Tambaya da Amsa: Wace Motar Haɗi Ce Za Ta Ɗauki Dogon Mutum?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Ingila, na daɗe ina tara kuɗi don in sayi motar nan da ake sayarwa a warwatse, mutum ya harhaɗa abarsa a gareji. Zuciyata ta rabu tsakanin Caterham Seven da kwafin Cobra, wato tsohuwar motar gudu ta kamfanonin AC da Shelby da wasu kamfanoni ke kwaikwaya. Tsawona santimita 188 ne, takalmina lamba 46, kuma Allah ya hore mini jiki. Na kwatanta awon da kamfanoni suka rubuta har kaina ya ɗau zafi. Wacce za ta ɗauke ni?
Daga wani mai karatu a Ingila

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye takardun awon nan tukuna, ka ji abin da ya same ni.

Ranar da na fara shiga Seven, ta wani abokina ce, na zura ƙafafu kamar mai sa wando, na zauna daram. Kafaɗu sun shiga, kai bai taɓa komai ba, har na fara murna. Da na taka birki sai na ji inji ya yi kuka. Ashe gefen takalmina ya haɗa da totur. Abokin ya yi ta dariya, ya ce in tuɓe. Da safa na tuƙa motar ranar nan. Kuma takalmina 44 ne, bai kai naka ba.

Wannan lungu da ƙafa ke shiga shi ne kamfanoni ba su cika rubuta awonsa ba, kuma nan rigimar take. Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin motoci na Lotus, ya fito da Lotus Seven a 1957, shi kuwa ba dogo ba ne. Kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973, ya riƙe tsohon tsarin. Daga baya ne ya fito da babban firam da ake kira SV, wanda ya fi na asali faɗi da santimita 11, ga ƙarin tsawo da sararin ƙafa. Mai jiki irin naka kada ma ya wahalar da kansa da ƙaramin. Ka nemi SV, ka haɗa da daɓen da aka saukar ƙasa don kujera ta nutse, sannan sitiyarin da ake cirewa. In ba haka ba gwiwa ce za ta hana ka shiga, musamman ranar ruwa da aka ɗaura rufi.

Cobra kuwa ido take yaudara. Daga waje ka ga ƙatuwa, a ciki ba haka ba ne. Tsakanin tayar gaba da ta baya inci 90 ne kacal a ta asali, ga ƙaton inji V8 an turo shi baya, giyabos ya cinye tsakiya. Saboda haka birki da kulochi sun karkata gefe, kana zaune ƙirji na kallon gaba, ƙafafu na kallon wani wuri. Minti goma ba ka jin komai, bayan awa biyu ƙugu zai ba ka labari. Faɗin kafaɗa dai ta fi Seven nesa, ga ƙofa ta gaske, wadda Seven ba ta da ita. Sai dai kowane kamfani mai yin kwafinta da nasa firam, wasu sun ƙara tsawo, don haka Cobra biyu ba sa zama ɗaya a ciki. Kuma in salansarta a gefe take, ka kiyayi ƙwaurinka wajen fita, zafinta ba wasa.

Akwai abin da ba ka faɗa mini ba: tsawon naka a ƙafa yake ko a gangar jiki? Mai dogayen ƙafafu da sitiyari yake faɗa. Mai dogon baya kuwa kansa ne ke leƙowa, bakin gilashi ya tsaya masa daidai ido, iska ta yi ta dukan goshi. Ko Dan Gurney, dogon direban tsere ɗan Amurka da ya ci tseren Le Mans na Faransa a 1967 da Ford GT40, sai da aka yi wa rufin motar ƙusumbi don hular kwanonsa ta samu wuri.

Ni dai da a matsayinka nake, SV zan fara gwadawa, Cobra ta biyu. Amma kada ka ba da ko kwabo sai ka zauna a wadda aka gama haɗawa. Masu irin waɗannan motoci suna da ƙungiyoyi a can, kuma ba su da rowar kujera. Ka je da takalmin da za ka riƙa tuƙi da shi, mai siririn tafi. Ka ɗaura bel, ka danne kulochi har ƙasa, ka ɗauke ƙafa daga totur zuwa birki da sauri sau da yawa, ka zauna ko da minti ashirin ne. In kana da niyyar shiga filin tsere, sa hular kwano, a ɗora sanda daga ƙarfen kariya na bayan kai zuwa gaban motar. In hular ta taɓa sandar, kujerar ta yi maka tudu.