Amsa ga ɗan'uwan da aka gayyata liyafar Burns a Halifax

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce maƙwabcinka a Halifax ta ƙasar Kanada, wanda kakanninsa mutanen Sikotlan ne, ya gayyace ka da maiɗakinka liyafar Burns ranar 25 ga Janairu, kana son sanin ko taron addini ne, me za a ci, kuma wane kaya za ku sa. Shawarata ka amsa gayyatar, amma ka nemi lambar mai shirya taron ka kira shi tun da sauran mako biyu. Kusan duk abin da zai iya takura maka a daren nan, wannan wayar ce maganinsa.

Taron ba na ibada ba ne. Tunawa ce da mawaƙin Sikotlan Robert Burns, manomin da aka haifa a ƙauyen Alloway ranar 25 ga Janairun 1759, ya rasu a Dumfries a 1796 yana da shekara 37. Abokansa ne suka fara zaman a 1801 a gidan da aka haife shi, al'adar ta bi 'yan ƙasar duk inda suka je. Abin da ya ɗaukaka shi a wurinsu shi ne ya tsara waƙoƙinsa da harshen talakawa, a zamanin da masu ilimi ke ganin ba a yin adabi sai da Ingilishin Landan. Akwai gajeriyar addu'ar godiya ga Ubangiji kafin cin abinci, layi huɗu kawai, daga nan babu sauran wani abu na coci.

Ka san kuma inda kake zaune, don zai taimake ka ka gane dalilin da za ka ga dattijo yana share ƙwalla kan waƙar da aka yi shekara fiye da 200. Sunan lardin da Halifax take ciki, wato Nova Scotia, da Latinanci ma'anarsa Sabuwar Sikotlan. A 1773 jirgin ruwa mai suna Hector ya sauke kusan mutum 200 daga tsaunukan arewacin Sikotlan a Pictou, bayan wasu sun mutu a hanya. Dubbai sun biyo bayansu, da yawa kuma ba da son ransu ba: masu filaye sun tashe su daga gonakin kakanninsu don su zuba tumaki, saboda ulu ya fi kuɗin hayar talaka riba. Jikokinsu ne suka riƙe wasanninsu na gargajiya a garin Antigonish tun 1863, suka kafa kwalejin Gelik, harshen kakanninsu, a St. Ann's ta tsibirin Cape Breton a 1938. Ƙungiyar 'yan Sikotlan ta Halifax ma tun 1768 take, kuma irin waɗannan ƙungiyoyi asalinsu taimakon baƙo ne da ya sauka ba shi da kowa, da jinyar marar lafiya, da binne mamaci. Duk wanda ya san yadda zango ke tafiya a Kumasi ko Yawunde ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba. Sai dai a faɗi gaskiya, ƙasar da waɗannan korarru suka zauna ta mutanen Mi'kmaq ce, 'yan asalin wurin, kuma a yau akan ambaci hakan a farkon taruka da yawa a lardin.

To ga yadda daren ke tafiya. Yawanci ana farawa tsakanin ƙarfe 6 da 7 na yamma, a kai awa huɗu ko fiye. A ƙarshen Janairu rana tana faɗuwa a Halifax da ƙarfe 5 da 'yan mintuna, don haka ka yi Magariba a gida hankali kwance. Mai busa zai tarbe ku a ƙofa da algaitarsu mai jaka. Dangin tamu ce wajen ƙara, bambancin shi ne mai algaita kumatunsa ne rumbun iska, shi kuwa wannan jakar da ke hammatarsa ce, shi ya sa sautin ba ya yankewa. Bayan jawabin maraba da addu'a sai a kawo romo. Daga nan kowa ya miƙe tsaye, mai busa a gaba, kuku a baya ɗauke da hagis, abincinsu na kayan ciki da ake ɗurawa a tumbi, a babban faranti, ana tafi a hankali. Wani zai tsaya ya rera wa hagis ɗin kirarin da Burns ya yi masa, baiti takwas. A baiti na uku zai zaro wuƙa ya goge ta, ya farke shi daga wannan gefe zuwa wancan, tururi ya tashi, ƙanshin masoro ya cika wurin. Kada ka damu idan ba ka gane ko kalma goma ba, da harshen talakawan Sikotlan aka yi shi, rabin 'yan Kanadan da ke zaune ma haka suke.

Bayan abinci sai jawabai uku. Na farko shi ne babba, kan rayuwar Burns da waƙoƙinsa, kuma mai jawabi na kirki ba ya ɓoye aibinsa, kamar yawan 'ya'yan da ya haifa a waje, da yadda a 1786 ya kusa tafiya Jamaika aikin akawu a gonar da bayi ke nomawa, sai nasarar littafinsa na farko ta tsayar da shi. Na biyu namiji zai tsokani mata, na uku mace ta rama. Wasa ne irin na taubasai, kodayake wani lokaci yakan ɗan yi gishiri, don haka ba wurin kai ƙananan yara ba ne sai an ce maka liyafar iyali ce.

Yanzu abinci, inda ya fi muhimmanci. Hagis kayan cikin tunkiya ne: zuciya da hanta da huhu, a dafa a niƙa, a haɗa da ɓarzajjen ots (wani nau'in hatsi), kitse, albasa, gishiri da masoro, a ɗura cikin tumbi a sake dafawa. Ga wanda ya saba da farfesun kayan ciki babu abin ƙyama a nan. Matsalarka biyu ce. Ta farko yanka, don ba na Musulunci ba ne sai an faɗa. Ta biyu, wasu kamfanoni suna sa kitse ko kayan cikin alade don rage tsada, kuma ba a ganewa da ido. A Amurka doka ta hana sayar da huhun dabba a matsayin abinci tun 1971, wanda ake shigowa da shi Kanada daga Sikotlan ma ba shi da huhu, amma rashin huhu bai mai da shi halal ba. Mafita ita ce hagis marar nama, na wake da ots da kayan lambu. Kusan kowace liyafa tana yin sa, sai dai ana dafa shi ne daidai yawan waɗanda suka nema tun farko. Wanda ya bari sai ya zauna a tebur, sau da yawa dakakken dankali kawai yake ƙarewa da shi. Idan ɗayanku ba ya jituwa da gyaɗa ko danginta, ku faɗa, wasu suna sawa a ciki.

Wiski kuma yana ɓuya a wurare uku. Akwai miyar kirim da ake zubawa a kan hagis, ka ce a kawo naku ba ita. Akwai kayan zaƙi na ƙarshe, musamman kranakan, wanda kirim ne da zuma da gasasshen ots da 'ya'yan itace, amma an kwaɓa shi da wiski ba tare da an dafa ba. Akwai kuma wasu masu kirari da ke tsiyaya wiski a kan hagis ɗin da zarar an farke shi. Romo ma ka tambaya. Na busasshen kifi da madara da dankali shi ya fi kwanciyar hankali, na kaza yana da batun yanka, na wake kuwa sau da yawa da ƙashin alade ake dafa shi. Lokacin ɗaga kofi don girmamawa, ruwa ko lemo ya wadatar, babu mai kallonka. Amma zama a teburin da ake shan giya magana ce ta addini mai nauyi, kada ka ɗauke ta da wasa don kunyar maƙwabci. Tambayi mai shiri ko akwai giya a kan tebura ko sai an je an sayo a gefe, ka kai wa malaminka bayanin yadda yake. Akwai liyafofin makarantu da na unguwa da ba a kawo giya sam, idan ta wannan shekarar ba ta yi maka ba za ka iya neman irin waɗannan.

Batun sutura, idan katin ya ce kayan ƙasa ko baƙar kwat, babbar rigarka da hula sun cika sharaɗi, Hajiya kuma ta sa leshi ko atamfarta da mayafi. Mutanen da suka tsallaka teku suka riƙe tufafin kakanninsu sun fi kowa sanin darajar wanda ya zo da nasa. Ka dai sa dogon wando mai ɗumi a ciki, ku tafi da takalman taro a jaka saboda ƙanƙara. Abu ɗaya, kada ka kira kilt siket. Tufa ce ta maza, mai nauyi, cikakkiya tana cin yadi takwas na ulu, kuma an taɓa haramta ta da doka daga 1746 zuwa 1782, shi ya sa suke ji da ita. Zanen layukanta yakan nuna dangi ko yanki. Idan kana sha'awar ka nuna kara, ɗan mayafin wuya mai zanen Nova Scotia, shuɗin nan da aka ƙirƙira a 1953, kowa yana da ikon sawa. Ba na ba ka shawarar hayar kilt, domin tsawonta tsakiyar gwiwa ne, safa kuma tana tsayawa ƙasa da gwiwa, da ka zauna cinya za ta fito. Abin lura ma shi ne Burns mutumin kudu ne, kilt kuwa ta mutanen tsaunukan arewa ce. A ƙasar waje ne aka fi cakuɗa su wuri ɗaya, kamar yadda baƙunta ke mai da Bakano da Bazazzagi 'yan gida ɗaya.

Idan akwai rawa bayan jawabai, sunanta keli. Maza da mata suna riƙe hannu, ana sauya abokin rawa, wani yana kiran matakai da lasifika. Babu dole, wanda ya zauna yana tafi ba a ganin laifinsa. Waƙar rufewa ce sai ka shirya mata, domin kowa yana shiga da'ira a riƙe hannu. Tun kafin a fara ka tsaya da maiɗakinka a gefe ɗaya, namiji a ɗayan, ita ma mace a nata gefen. Ana sarƙe hannuwa ne a baitin ƙarshe kawai, ba tun farko ba.

In kuma kana son ɗanɗana na ainihi, ko ka rama wa maƙwabcin nan gayya, dafa shi a gida bai fi ƙarfin wadda ta iya alala ba. Na mutum goma: zuciya da hantar rago ɗaya daga mahaucin halal, da tsokar rago giram 500 a madadin huhu. A tafasa su a wuta kaɗan awa ɗaya da rabi, a ajiye romon. A niƙa naman ɓarza-ɓarza, kada ya yi laushi. A gasa ots giram 250 a busasshen kasko minti goma har ya yi ƙanshi. Ɓarzajjen nan mai tsaki-tsaki ake nema, domin falle-fallen da ake kunu da shi yana narkewa ya mai da abin kamar tuwo ya kwana. Sai kitsen da ke lulluɓe da ƙoda giram 250 a yanka ƙanana, albasa uku, gishiri babban cokali ɗaya, masoro ƙaramin cokali biyu, gyaɗar ƙamshi rabin ƙaramin cokali. A zuba romo kamar kofi biyu, a juya har haɗin ya jiƙe amma ba ya zuba daga cokali. A ɗanɗana gishiri a nan, bayan an ɗinke babu gyara. Mai rage kitse don lafiya ya sani cewa busasshen abu zai samu, mai warwatsewa kamar tsaki.

Tumbin a wanke shi sosai, a jiƙa a ruwan gishiri mai sanyi ya kwana. Inda aka fi yin asara shi ne wajen ɗuri. A cika shi rabi da ɗan ɗoriya kawai, saboda ots yana kumbura, a matse iska, a ɗinke da zare mai ƙarfi, a tsattsaga shi da allura wuri biyar ko shida. A sa a ruwan zafi awa uku, wuta can ƙasa, ruwan yana motsi kaɗan-kaɗan. Da ya tafasa da ƙarfi tumbin zai fashe, a wayi gari da tukunyar fate. Idan tumbi bai samu ba, a zuba a kwano mai jure zafi, a rufe da takardar foyil, a turara awa uku ɗin.

Abokan cinsa biyu ne, dakakken dankalin Turawa da rutabaga, wani tushe mai ruwan ɗorawa da za ka gani a kowane kanti a can, wasu suna rubuta masa tanip. A dafa su a tukwane dabam, don rutabaga ya fi daɗewa kafin ya nuna kuma yana riƙe ruwa. Bayan an tsane shi a mayar kan wuta minti biyu ya bushe, sannan a daka da man shanu da masoro. A kai tebur da zafinsa a faranti mai ɗumi, kitsen rago ba ya jiran kowa, yana hucewa yake daskarewa.