Me ya sa Mario ya yi ƙiba a allon wayata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na saka manhajar RetroArch a wayata don in riƙa buga wasannin Super Nintendo da muka taso da su. Hoto ya cika allo, amma Mario ya koma gajere mai faɗi kamar an danne shi. Da na sauya saiti kuma sai baƙi ya fito dama da hagu. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam. Mai baƙi a gefe shi ne daidai, ka bar shi yadda yake.

An zana wasannin nan ne don tsohuwar talabijin mai ƙeya, wadda ma'aunin faɗinta da tsayinta 4:3 ne. Talabijin ta yanzu 16:9 ce, wayoyi da yawa ma sun kai 20:9. In ka matsa wa hoton 4:3 ya cika 16:9, faɗinsa ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku ke nan. A waya mai 20:9 kuwa kashi biyu cikin uku ne. Abin da ya kumbura Mario ke nan, kuma ni abin yana damuna, domin masu zanen sun sha wahala kan kowane ɗigo, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto.

Akwai wata muhawara da za ka ci karo da ita. Super Nintendo tana fitar da ɗigo 256 a kwance, 224 a tsaye, wato 8:7, shi ya sa wasu suka tsaya a kan 8:7 ne na asali. Sai dai tsohuwar talabijin takan shimfiɗa kowane layi har ya cika faɗin gilashi, ɗigon ya ɗan fi faɗi a kan tsayi. Haka muka gani muna yara, don haka 4:3 nake zaɓa. Duk da haka wasu masu zanen sun yi lissafin wannan shimfiɗar, wasu ba su yi ba. In kana shakka, nemi abu mai da'ira a cikin wasan, kamar farin wata ko ƙwallo, ka gwada duka biyun ka ga inda ya fito zagaye sosai.

Kada ka ɗora 4:3 a kan komai. Game Boy allonta 160 da 144 ne, wato 10:9, Game Boy Advance kuma 240 da 160, wato 3:2. A RetroArch shiga saitin bidiyo, inda aka rubuta Aspect Ratio ka zaɓi Core Provided, kowace na'ura ta zo da ma'auninta. In ka haɗa da talabijin, duba saitinta ita ma, don tana iya jan hoton da kanta.

Tambaya: Ma'auni ya daidaita, amma in wasa yana tafiya sai in ga bango yana rawa, wasu layuka sun fi wasu kauri.

Amsa: Lissafi ne bai tashi ba. A ce tsayin allonka layi 1080 ne, in ka raba shi da layi 224 na Super Nintendo, ba za ka samu cikakkiyar lamba ba, sai manhaja ta ninka wani layi sau 4, wani sau 5. Kunna Integer Scale, kowane layi zai ninku sau 4 daidai, jimilla 896. Baƙi zai ɗan fito sama da ƙasa, amma layukan za su daidaita.