Tambayi Ungozoma: Zoben tazarar haihuwa ne ke sa ni zubar jini?

Assalamu alaikum Anti. Wata huɗu ke nan da na fara amfani da zoben NuvaRing. Da farko ɗigon jini nake gani jefi-jefi, amma a wannan watan jini ya ɓalle min, ga ciwon mara har ba na iya miƙewa. Ƙawata ta ce jikina ne bai saba ba, in yi haƙuri. Haka ne? — Maman yara biyu

Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu da jiki. Ƙawarki ta yi gaskiya a kan ɗigon, amma ban da wannan zubar.

Zoben yana sakin sinadarai biyu ne a hankali, irin na ƙwayar tazarar haihuwa, su hana ƙwai fita. Ana sa shi a gaba mako uku, a cire mako ɗaya, jini ya zo. A watanni biyu zuwa uku na farko, ɗigon jini, ciwon kai, tashin zuciya, nauyin nono da ƙaruwar farin ruwa duk ba abin tsoro ba ne, galibi suna wucewa. Daga nan yawancin mata jininsu raguwa yake yi, ciwon marar ma ya lafa. Ke kuwa naki ƙaruwa ya yi a wata na huɗu, shi ya sa ba zan ce ki zauna ba.

Ki je asibiti yau, kada ki jira gobe, musamman in kina jiƙa audugar mata a duk awa, ko kina ganin manyan gudajin jini, ko jiri. Abu na farko da zan so a yi miki shi ne gwajin ciki. In zoben ya taɓa zamewa ya wuce awa uku a waje, ko kina shan maganin tarin fuka irin rifampicin, ciki na iya shiga, kuma cikin da ya zauna a wajen mahaifa da ciwo da jini yake bayyana. Sannan a duba ciwon sanyi da ƙarin mahaifa.

Ba ki faɗa min shekarunki ba. In kin kai 35 kuma kina shan taba, ko kina da hawan jini, ko ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiya a ido, zoben bai dace da ke ba, saboda haɗarin daskarewar jini a jijiya. Kumburin ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, asibiti ne nan take.

In an cire zoben, ki nemi wata hanyar kafin ki bar gaban likita, kuma ku yi amfani da kwaroron roba ke da maigida kafin ta kama.